Tsakuwar Gwaggo Delu

Tungar Sofo, 6 ga Oktoba, 2022

Zuwa ga taubashiyata kuma baiwata Habsa, 'yar mace, wadda ta gudu Yamai don kada ta yi mini surfe.

Assalamu alaikum. Gaisuwar ubangida ce, ki karɓa da hannu biyu. Yaya yaran, yaya aikin Majalisa? Mu nan lafiya lau. An gama yankan hatsi, bana ba laifi. Mahaifiyarki Gwaggo Delu tana nan da ƙarfinta, sai gwiwar nan da ba ta barinta ta yi sallah a tsaye. Rezon wayar salula kuwa har yau babu tun da iskar damina ta kayar da eriya, shi ya sa kika ga takarda a hannun Albarka direba kamar zamanin iyayenmu.

Wasa ya ƙare, ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Litinin wasu mutane uku suka zo da mota suka shiga fadama da igiyar awo, suka kafa turaku huɗu na siminti, ɗaya dab da rijiyar da kakarmu ta fara haƙawa. Washegari na je Filinge na tarar da takarda manne a ƙofar ofishin kula da filaye. Wani ɗan kasuwa na Yamai ne ya nemi a ba shi takardar mallakar fadamar gaba ɗaya. Wai ya saya daga wani jikan tsohon maigari, wanda rabonsa da garin nan ya fi shekara ashirin. Takardar ta ce duk mai jayayya ya kawo ta a rubuce cikin kwana talatin, wato kafin ƙarshen 2 ga Nuwamba. In ba wanda ya kawo, shi ke nan.

Kin san abin da fadamar nan take. Mata sittin da huɗu ke noman rani a ciki, kuma fegin Gwaggo ne na farko in an shiga. Da albasarta da ganyen salatinta ta kai ki lakwal kika yi boko.

Mun taru ƙarƙashin bishiyar gao, mata da maza, kowa ya dangwala yatsa a takarda. Mutum ɗari da arba'in da uku. Tawadar da muka aro a makaranta ta ƙare a kan mutum na casa'in, sauran da baƙin tukunya da man gyaɗa suka dangwala, don haka kada ki yi mamakin warin takardar. Ga ta nan na haɗo miki.

Ke ce sakatariyar ɗan majalisarmu, depite Abdulgafar, shekara shida ke nan. Mu muka zaɓe shi. Ki kai masa, ya tashi a Majalisa ya faɗa wa gwamnati. Mu kuma nan za mu rubuta takardar jayayya mu kai Filinge cikin makon nan. Ki faɗa mini yadda ake yi, don ni iyakata karatun yaƙi da jahilci.

Ubangidanki,
Kailu

Yamai, 11 ga Oktoba

Zuwa ga Kailu, ubangidan da ko akuya ba shi da ita.

Wa alaikumus salam. Mun tashi lafiya, sai ƙaramar da ke fama da mura. Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta daina ɗaukar bokiti biyu. Takardarku ta iso, kuma warinta ya riga ta shiga biro, ofishin namu.

Na kai wa mai girma depite, ya karanta, ransa ya ɓaci ƙwarai. Amma Kailu, Majalisa ba gindin gao ba ce da kowa zai tashi ya faɗi abin da ke ransa. Bari in koya maka, ka zauna da kyau.

Akwai abin da ake kira tambaya a rubuce. Depite kaɗai ke da ikon yin ta, kuma sa hannunsa shi kaɗai ake so. Yatsunku ɗari da arba'in da uku ba su da wurin zama a jikinta, na adana su a durowa. Dole ta zama gajera, magana ɗaya, zuwa ga minista ɗaya. Ba a zargin wani mutum da suna a cikinta. Idan an rubuta, sai a kai wa Shugaban Majalisa, a shigar da ita rajista a ba ta lamba, shi ya aika wa gwamnati. Daga nan minista yana da kwana talatin ya ba da amsa a rubuce. In bai amsa ba, depite na iya neman a mayar da ita tambayar baka, ministan ya zo da ƙafarsa ya tsaya gaban Majalisa, duk ƙasa na ji a rediyo.

Ni na tsara ta, mai girma ya sa hannu, yau da safe ta shiga rajista. Lambarta 47. Ga kwafi nan da Faransanci, ga kuma fassararta:

“Ya mai girma Minista, waɗanne matakai gwamnati ke ɗauka don kare filayen noman rani na ƙungiyoyin mata a yankin Filinge, musamman fadamar Tungar Sofo, kada su koma hannun mutum ɗaya?”

Duba can ƙasa gefen hagu, za ka ga H.I. Habsa Idi ke nan. Duk takardar da na buga sai na sa haruffana, haka tsarin aiki yake. Ka nuna wa Inna.

Saura abu ɗaya mai muhimmanci. Mai girma ya ce kada ku kai takardar jayayya ko'ina. Majalisa ba ta taɓa maganar da ke gaban shari'a. Kuna kai ƙara, sai a ce magana ta shiga hannun alƙalai, a rufe tambayarmu. Ya ce ku bar masa, wasiƙa ɗaya daga minista ta fi takardunku goma. Ku dai ku ƙirga kwana talatin daga gobe.

Wadda ta fi ka karatu,
Habsa

Tungar Sofo, 17 ga Oktoba

Baiwata mai biro,

Ina gaisuwa. Allah ya ba ƙaramar lafiya, ki dafa mata ganyen da Gwaggo ta ba Albarka. Kowa na nan ƙalau.

Da kin ga gindin gao ranar da na karanta wasiƙarki, da kin ƙara kuɗin kanki. Sau uku aka sa ni na maimaita lambar. Gwaggo ta karɓi kwafin Faransancin nan ta riƙe shi a kife, ta ce in nuna mata inda sunanki yake. Na ɗora yatsanta a kan haruffa biyun. Ta bi matan garin ɗaya bayan ɗaya tana cewa, “Ku gani, ɗiyata ta buga wagga da hannunta, har gaban gwamna za ta.” Na ce mata minista ne, ba gwamna ba. Ta ce duk ɗaya ne.

Yanzu ta samo ƙwarya ta ajiye a bakin rijiyar fadama. Kullum bayan sallar asuba sai ta jefa tsakuwa ɗaya. Yau shida ke ciki. Ta ce ita ba ta yarda da kalandar mutane ba, tsakuwa ba ta tsallake rana.

Ni dai tambayar taku ban ga haƙora a bakinta ba. Ba sunan mai saye, ba sunan mai sayarwa, sai “waɗanne matakai”. Amma tun da kin ce haka doka take, na haƙura.

Abu ɗaya ya so ya ɓata taron. Mushe Naziru, kamar yadda muke kiran malaman boko, shugaban makarantarmu, ya tashi ya ce shi bai yarda a zauna ba. Wai ofishin filaye ba kotu ba ne, kai takardar jayayya ba shiga shari'a ba ne, a kai ta kawai, tambayar Majalisa ma ta yi tafiyarta. Wasu dattawa har sun fara gyaɗa kai. Raina ya ɓaci. Na ce masa, “Mushe, kai alli ka sani. Wadda ta rubuto wagga takarda cikin Majalisa take kwana take tashi, kuma fegin uwatta na cikin fadamar. Kai mi gare ka ciki?” Mutane suka yi dariya, ya zauna. Daga baya na ji ba daɗi, don baƙo ne a garin nan kuma bai taɓa yi mana sharri ba.

An tsaya a kan maganarki, ba za a kai komai Filinge ba. Amma don zuciyata ta kwanta, ki sake tambaya mini. Abin da Mushe ya faɗa, akwai ƙamshin gaskiya a ciki? In akwai, har yanzu muna da kwana goma sha shida.

Kailu

Yamai, 22 ga Oktoba

Kailu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna da kowa da kowa. Ƙaramar ta warke, ganyen ya yi amfani. Babban ya shiga aji shida bana, kullum sai ya tambayi yaushe za mu gida. Jiya na yi mafarkin rijiyar kaka, wai muna yara kana tsorata ni za ka jefa ni ciki. Aiki ya yi yawa, zaman kasafi ne, ba ma tashi da wuri.

Game da maganar Mushe Naziru, abin da mai girma ya faɗa shi na rubuto maka. Ya ce yana kan maganar da kansa. Ku ci gaba da ƙirga.

Amma dai kai ne a wurin, Kailu. Ka fi ni ganin abin da ya dace, ka yi abin da zuciyarka ta ba ka.

Albarka yana jira, sai wani jiƙon.

Habsa

Tungar Sofo, 3 ga Nuwamba

Baiwata,

Lafiya muke, ina fatan ku ma haka. Wasiƙarki ta ƙarshe gajera ce kamar wutsiyar akuya, ko zagina ba ki yi ba. Na ce lallai aiki ya sha kanki. Amma na ji daɗin abin da kika rufe da shi. Shekara arba'in muna tare, sai yanzu kika yarda na fi ki gani. Na karanta wa mutane wurin sau biyu.

Jiya wa'adin Filinge ya cika. Ba zan ɓoye miki ba, ban ci abincin kirki ba. Da hantsi Mushe Naziru ya same ni a fadama da takarda a hannu, ya rubuta jayayyar tsaf da Faransanci, har ya yi magana da mai motar da za ta fita kasuwa ya jira shi. Ya ce, “Malam Kailu, kai mutane suka wakilta. Sa hannu kawai, ni zan kai. In na yi kuskure, takarda ɗaya ce muka ɓata.” Na karɓi alƙalamin, wallahi na karɓa. Sai na ɗaga kai na ga Gwaggo a bakin rijiya tana kallona. Na tuna kin ce ana kai ƙara za a rufe tambayar. Na ce ni zan kashe lamba 47 da hannuna, saura kwana takwas minista ya amsa? Na mayar masa da alƙalaminsa. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya je ya sallami mai mota.

Mata sun zuba irin albasa da na shu, wato kabeji, har ya fara tsiro. Tsakuwa ashirin da uku yau. Ki sa kunne, ranar da amsa ta fito kada ki jira Albarka, ki ba duk motar da kika samu.

Ubangidanki da kika yarda ya fi ki gani,
Kailu

Tungar Sofo, 14 ga Nuwamba

Habsa,

Lafiya dai? Sau biyu Albarka yana dawowa hannu wofi. Ya ce ranar farko an ce kin fita, ta biyu kuma ya hango ki ta taga amma aka ce ba kya nan. Na ce masa idonsa ne.

Kwana talatin sun cika tun ranar Alhamis. Yau talatin da huɗu. Ba mu ga amsa ba. To ai kin ce in bai amsa ba sai a kira shi gaban Majalisa. Duk ranar da aka sa zamanku a rediyo, mutane na taruwa ƙofar gidana. Mun ji an yi maganar hanya, an yi maganar taki, ba mu ji Tungar Sofo ba.

Shekaranjiya na taka har tudun da ake samun rezo, tafiyar awa biyu. Na kira ki sau bakwai, tana shiga ba a ɗauka.

Jiya babbar mota ta sauke naɗin wayar shinge da ƙarafa a bakin fadama. Masu gadi biyu na kwana a wurin. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Kailu

Filinge, 28 ga Nuwamba

Habsa,

Ina fatan kina lafiya. Gwaggo lafiyarta lau. Daga tashar Filinge nake rubuto wannan, a kan gwiwata, don ba zan iya kai ta gida a cikina ba.

Sun fara kafa waya ranar Laraba. Yau na zo ofishin filaye da kwafin lamba 47 a hannuna, ina taƙama, na ce su dakatar da aikin nan, magana tana gaban Majalisa. Ma'aikacin mutumin kirki ne, ya ba ni kujera. Ya ce sun ji labarin tambayar, har sun so su jinkirta saboda ita, sai mai neman filin ya kawo musu wata takarda. Ya buɗe dosiye, jakar takardun filin, ya miƙo mini ita. Na ce ba na jin Faransanci sosai, ya fassara mini a hankali.

Daga depite Abdulgafar zuwa ga Shugaban Majalisa. Yana sanar da shi ya janye tambayarsa mai lamba 47. Kwanan wata, 20 ga Oktoba.

Na ce ana janye tambaya? Ya ce ai ta mai ita ce, ranar da ya ga dama yake janye abinsa. Wannan dokar ba ki koya mini ita ba ranar da kika ce in zauna da kyau.

Na tambaye shi maganar Mushe Naziru. Ya dube ni da tausayi, ya ce, “Malam, nan ba kotu ba ce. Da kun kawo ko layi biyu kafin wa'adi, dole mu tsaya a kira kowa a zauna. Kwana talatin muna jira, ba wanda ya zo.”

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Depite ɗan siyasa ne, ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Amma kafin in mayar da takardar idona ya sauka can ƙasa, gefen hagu, inda kika koya mini in duba. Wannan ban nemi a fassara mini ba.

Ranar 20 kika buga ta. Ranar 22 kika ɗauki alƙalami kika rubuto mini labarin mafarki, kika ce mu ci gaba da ƙirga. A ranar muna da sauran kwana goma sha ɗaya. Motar Albarka kwana ɗaya take yi.

Na ci mutuncin bawan Allah a gaban mutane saboda ke. Na mayar masa da alƙalami saboda ke. Ki faɗa mini ƙarya nake yi, ki ce akwai wata H.I. a biron nan. Wallahi zan yarda.

Kailu

Yamai, 2 ga Disamba

Yaya Kailu,

Ina gaishe ka. Ban san ko ina da bakin tambayar lafiyar Inna ba, amma ina tambaya.

Babu wata H.I. Ni ce.

Zan faɗa maka yadda aka yi, ba don ka yafe ba. Ranar da na rubuto maka dokokin nan, da zuciya ɗaya na rubuto. Maganar kada ku kai jayayya daga bakin mai girma na ɗauko ta, ban bincika ba, don a shekara shida bai taɓa ba ni dalilin bincikensa ba. Na san dokar Majalisa, ban san ta filaye ba.

Ranar 19 wasu manyan jam'iyya suka zo biro, suka rufe ƙofa. Da suka fita, fuskarsa ta canza. Ashe mai sayen fadamar nasu ne. Washegari ya kira ni ya ce in buga takardar janyewa. Na ce, ranka ya daɗe, garinmu ne, fegin uwata ne. Ya ce ya sani, shi ya sa zai gyara maganar da baki, cikin sirri, tambaya a rubuce tana fusata mutane ne kawai. Ya ce kada kowa ya ji, musamman mutanen gida, don in suka tayar da hayaniya gyaran zai lalace. Sannan ya tambaye ni yaya yaran, ya ce riƙon marayu uku a Yamai sai da aiki a hannu. Ban san ko tausayi ne ko gargaɗi ba. Na zauna na buga. Hannuna ya sa haruffan da kansa, ban ma lura ba.

Washegari na je wurin Malam Musa, tsohon ma'aikacin rajista, na tambaye shi maganar Mushe Naziru kamar wasa. Ya ce malamin makarantar ya yi gaskiya. Don haka ranar da na rubuto maka ta 22, na san komai. Ba zan ce ban sani ba.

Sau uku na fara wasiƙar ina yagawa. A ta farko na rubuta maka ƙarara, ku kai jayayya gobe. Sai na tuna kai kake karanta wasiƙuna a gindin gao da ƙarfi, kafin mako ya zagayo maganar ta dawo kunnensa. Shi ne na rubuta cewa kai ne a wurin, ka yi abin da zuciyarka ta ba ka. Na ce Kailu yana da wayo, zai ga ban zage shi ba, zai gane akwai abu. Na kwana ina roƙon Allah ka gane. Da amsarka ta zo kana murna wai na yabe ka, na shiga banɗakin biro na yi kuka.

Gyaran da ya ce zai yi da baki, har yau bai ɗaga waya ba. Na tuna masa sau biyu, na biyun ya ce in kawo masa dosiyen kasafi.

Ranar da Albarka ya hango ni ta taga, ni ce. Kiranka bakwai ina kallonsu.

Takardar yatsunku tana nan a durowata. Malam Musa ya ce har yanzu ana iya zuwa kotu, ko da yake hanya ce mai tsawo tun da an riga an ba da takarda. In kana so in aiko maka da ita. Abu ɗaya nake roƙo, don darajar kakarmu. Kada Inna ta ji ni na buga.

Habsa

Tungar Sofo, 7 ga Disamba

Zuwa ga Madam Habsa Idi, sakatariyar mai girma depite.

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Kin tambayi mahaifiyarki, tana lafiya, gwiwar ce dai.

Wasiƙarki ta iso. Wannan karon ban karanta ta a gindin gao ba.

Kin ce kin so in gane. Na sake ɗauko ta 22 ga wata na karanta har sau biyar. Layin da kika so in gane yana nan, gaskiya ne. Amma a samansa akwai wani layi da ba ya buƙatar wayo, wanda ya ce ku ci gaba da ƙirga. Shi na bi. Ni ban iya karanta abin da mutum bai rubuta ba, a yaƙi da jahilci ba a koya mana wannan ba. Kuma ko zuciyata da kika ce in bi, ai ke ce a cikinta ranar da na riƙe alƙalamin nan.

Ban raina tsoronki ba. Na san yadda kika sha wuya bayan rasuwar mijinki. Amma da kin faɗa wa Albarka kalma biyu a kunne, ba takarda ba haruffa, da babu wanda zai san daga ina ta fito. Hatsin gidana ya isa ya riƙe yara uku, kin sani. Ba ki tambaye ni ba.

An gama kafa wayar ranar Asabar. An ba mata yini ɗaya su kwashe abin da za su iya. Albasa ba ta yi ƙwai ba, shu ko naɗewa bai fara ba, haka aka tumɓuke su aka ɗora a ka. Rijiyar kaka tana ciki yanzu, ana hango ta ta ramin waya.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tsaya a gaban mutane na ba Mushe Naziru haƙuri, a wurin da na ci mutuncinsa. Ya ce ya wuce. Shi zai raka ni kotu. Ki ba Albarka takardar yatsunmu, tamu ce, ba ta da abin yi a durowarki.

Na faɗa wa gari cewa depite ya janye tambayar. Ban faɗi wanda ya buga ba, kuma ba zan faɗa ba. Ba don ke ba.

Kowa ya yarda sai mutum ɗaya. Da na je na same ta na ce, Gwaggo, ki bar ƙirgar nan, an janye tambayar tun tuni, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kai dai ba ka da hanƙuri tun kana yaro. Da an janye ta, da ɗiyata ta hwaɗa mini. Ni na haihe ta, Habsa ba ta ɓoye mini komi. Minista aiki ya yi mishi yawa.” Ta ɗauke ƙwaryar daga bakin rijiya kafin a rufe, yanzu tana ƙarƙashin gadonta. Ko asuba ɗaya ba ta tsallake ba.

Yau da ta ji Albarka zai tashi, ta jefa ta yau, sannan ta juye duka a tsumma ta ƙulle da kanta. Ta ce in aiko miki, ki kai ki zube a teburin minista ya ga kwanakin da ya sa tsohuwa ta jira. Ta ce in gaya miki kada ki ji tsoronsa, mutum ne kamar kowa. Ta kuma sa miki 'yar albasar da ta tsira da ita, ta ce ganyen ya yi miya.

Ƙullin yana hannun Albarka. Na ƙirga kafin in ba shi, hamsin da bakwai ne. Tara na farko na tambayar ne, lokacin tana da rai, su kina iya kai wa minista. Sauran arba'in da takwas ban san wanda zan aika wa ba sai ke.

Gobe da asuba za ta fara sabon zubi a ƙwaryar. Ni ba zan hana ta ba. In kina so ta daina, kin san hanyar gida.

Kailu ɗan Saminu